Yabon Gwani Ya Zama Dole: Jinjina ga Jaruman Ƙanƙara

Babu al'ummar da ta kai ta kudancin Katsina nauyin baki wajen sauke haƙƙin manyanta. Shekaru sun shuɗe tun daren Juma'a, 11 ga Disamban 2020, da ɓarayin daji suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan yara zuwa daji, amma har yau mutanen Pauwa da Faskari da Sabuwa ba su tashi ko da tawaga guda ta je Katsina ko Abuja ta faɗi ta yi godiya ba. Kullum sai ƙorafi da tsegumi da ƙirga kaburbura. To, tunda maroƙan fada sun yi sanyi, bari alƙalami ya karɓi kakaki. A gaishe da manyan ƙasa, torayen giwaye, masu tafiyar ƙasaita ko da gobara na ci, inuwar giginya na nesa ka sha, ma'abota sanarwa da ta'aziyya, waɗanda Allah ya hore wa baiwar fita daga kowace masifa rigarsu fes.

Mu fara da natsuwa, domin ita ce adon mulki. A ranar da abin ya faru, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya sauka Daura domin ziyarar mako guda, tafiyar kimanin kilomita 200 daga Ƙanƙara. Da wani ƙaramin shugaba ne mai saurin firgita, da ya zabura ya shiga mota ya nufi makarantar, ya tsaya cikin ƙurar hunturu yana kallon gadaje babu masu su, har talakawa su ga rauninsa, martabar kujera ta zube. Namu kuwa dutse ne, ba ya jin sanyi ba ya jin rana. Ya zauna daram, ya sa Ministan Tsaro, Bashir Magashi, ya taso da tawaga tun daga Abuja, domin girma shi ne na nesa ya zo, na kusa ya aika. A cikin kwanakin ne aka ga bidiyonsa yana zagaya shanunsa a gona, abin da ya kwantar da hankalin duk mai tunani, domin a makon da aka rasa sanin yawan 'ya'yan mutane da ke daji, an tabbatar wa ƙasa cewa akwai garken da lissafinsa ya cika. Kwana ɗaya kafin satar ne ma aka so ya bayyana gaban majalisar tarayya ya yi bayani kan manoma 43 da aka yanka a gonakin shinkafa na Zabarmari, sai Ministan Shari'a, Abubakar Malami, ya tuna wa 'yan majalisa cewa ba su da hurumin kiransa. Madalla da dokar da ke kare babba daga tambaya.

Mutanen Pauwa kuwa su ne ya kamata su fi kowa godiya, domin a sanadin wannan lamari sunan garinsu ya shiga takardar fadar shugaban ƙasa. Washegarin satar, ranar Asabar, mai magana da yawun shugaba, Malam Garba Shehu, ya fitar da sanarwa cewa sojoji, da taimakon jiragen sama, sun gano maɓoyar 'yan bindigar a dajin Zango da Pauwa, har ana musayar wuta. Dubi wannan ƙwarewa! Dajin da manoman yankin suka yi shekaru suna nunawa da yatsa suna cewa daga nan ake fito mana, ga shi an gano shi cikin yini guda. Bayan an gano shi kuma, sai aka nuna dattakun da ba kowace runduna ke da shi ba, aka bar ɗaruruwan yara, da yawansu babu ko takalmi, suka taka sayyada ta cikin ƙaya da duwatsu har ƙasar Zamfara, ba tare da an tare musu hanya an firgita su ba. Yaran sun dawo suna ba da labarin duka da yunwa da ruwan kududdufi. Amma fa makarantar kimiyya suke, wace gwamnati ce kuma ta taɓa shirya wa ɗalibanta ziyarar gani da ido irin wannan, ta kwana shida, ba tare da an karɓi ko sisi daga hannun iyaye ba?

Su iyayen ma ba a bar su haka ba. Da suka yi dafifi a ƙofar makaranta suna kuka, Mai Girma Gwamna Aminu Bello Masari, Dallatun Katsina, ya iso da kansa, jami'an tsaro kuma suka lura cewa idanun wasu sun fara bushewa, nan take suka agaza musu da barkonon tsohuwa. Wannan shi ne agajin gaggawa na farko da ya isa Ƙanƙara, kuma an raba shi bisa adalci, babu wanda aka tambaya ɗan wace jam'iyya ne.

Sai fagen lissafi, inda gwanintar ta kai intaha. A gaishe da Malam Garba, kakakin da ba ya dushewa, masanin ƙidaya, mai rage wa talaka nauyin baƙin ciki da bakin alƙalami. Shi ne ya shaida wa BBC cewa yara 10 kacal ke hannun maharan. A daidai lokacin Gwamna Masari yana cewa 333 ne ba a gani ba. Ranar Alhamis, 17 ga wata, da aka karɓo su ta wajen Tsafe, sai aka ƙirga 344. Jama'a, wace albarka ce ta wuce wannan? An sace 10, ana neman 333, aka dawo da 344. A wasu ƙasashe in aka yi garkuwa da mutane raguwa suke yi. A ƙarƙashin wannan jagoranci mai tubarraki ƙaruwa suka yi. Wannan ilimi kuma gado ne, ba haye ba. A Afrilun 2014, bayan an kwashe 'yan mata 276 a Chibok, kakakin hedikwatar tsaro, Manjo Janar Chris Olukolade, ya yi wa duniya albishir cewa an ceto duka sai 8, kafin a janye maganar. A Fabrairun 2018, da aka kwashe 110 a Dapchi, gwamnatin Yobe ta ce an ceto wasu, washegari ta ba da haƙuri. Jam'iyyu sun sauya, shugabanni sun sauya, amma makarantar lissafin nan ba ta taɓa rufewa ba, ko da an rufe sauran makarantu.

Ga kuma tawali'u. Bayan yaran sun dawo, Malam Garba ya fito ya nemi afuwa, ya bayyana cewa alƙaluman sun fito ne daga mutanen da ya kamata a ce sun sani. Su waye? Nan ne aka ga cikar mutumci, domin bai ambaci ko ɗaya ba. Mumini mai rufa asirin ɗan'uwansa ne. Har gobe waɗannan bayin Allah da suka ga yara 10 inda ake da 344 suna nan cikin rufin asiri, wataƙila ma suna ci gaba da ƙirga mana wasu abubuwan. Wanda ke shakkar hikimar wannan bawan Allah ya tuna labarin ɓerayen da aka ce sun ɓata ofishin shugaban ƙasa a 2017, labarin da shi da kansa ya bayyana a littafinsa na 2025 cewa ya kawo shi ne domin ya kawar da hankalin jama'a daga batun lafiyar shugaba. Ƙasa mai irin wannan kakaki ba ta buƙatar marubutan ƙagaggun labarai.

Ceton kansa abin alfahari ne, domin an sami jarumai fiye da yadda fagen zai ɗauka. Hedikwatar tsaro ta ce dakarun rundunar Hadarin Daji ne suka ceto yaran. Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya ce shi ne ya shiga tsakani ta hannun shugabannin Miyetti Allah da tubabbun 'yan bindiga. Gwamna Masari shi ma ya bayyana nasa ƙoƙarin. Hatta satar sai da aka yi rububinta, domin Abubakar Shekau ya fito ya ce aikinsa ne. Nasarar ta sami iyaye ta ko'ina. Sakacin da ya sa ayarin babura ya shiga gari da dare ya fita da yaran makaranta shi kaɗai ne ya tashi maraya, har yau babu wanda ya ce ya san uwarsa ko ubansa. A kan abu ɗaya kuwa bakin manya ya zo ɗaya: ba a biya ko kobo ba. Haƙiƙa wannan karama ce. Mutanen da ke ƙona rumbun talaka saboda buhun gero, masu riƙe tsohuwa wata biyu a daji sai an sayar da gona an kai musu kuɗin fansa da katin waya, su ne suka ciyar da yara 344 na kwana shida suka mayar da su fisabilillahi. Jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta ruwaito wasu daga cikin yaran suna cewa an biya kuɗi, to amma yaro ai yaro ne; don kawai yana wurin da abin ya faru ba zai fi wanda ke zaune a ofis sani ba.

Shaidar cewa sana'ar ba ta da riba kuwa ita ce yadda kowa ya rungume ta. Kwana biyu da sakin yaran Ƙanƙara aka tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 na Mahuta a ƙaramar hukumar Ɗandume suna dawowa daga Maulidi. A Fabrairun 2021 aka shiga Kagara, aka kuma kwashe 'yan mata 279 a Jangebe. Maris sai Afaka, Afrilu sai jami'ar Greenfield, Mayu sai Tegina, Yuni sai Birnin Yauri, Yuli sai makarantar Bethel a Kaduna. Duk waɗannan bayin Allah sun ga yadda aka fita daga harkar Ƙanƙara hannu rabbana, sha'awa ta kama su. Bayan Jangebe ne Shugaba Buhari ya gargaɗi gwamnoni su sake duba ɗabi'ar saka wa 'yan bindiga da kuɗi da motoci. Wannan hangen nesa ne irin na waliyyai: a hana mutum abin da ya rantse bai taɓa yi ba.

Rahama ma an nuna ta yadda ba a taɓa gani ba. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci satar yaran, ya bayyana a gidan gwamnati na Gusau a Fabrairun 2021, ƙasa da wata biyu da aikinsa, ya miƙa bindigogi, ya dafa Alƙur'ani, aka yi masa afuwa a gaban kyamarori. Ba a wahalar da alƙali ba, ba a ɓata takardar kotu ba, ba a tayar wa iyayen yaran da mikin zuciya da kiran su ba da shaida ba. A Afrilu ya koma daji, a ƙarshen watan abokan hamayyarsa suka harbe shi, gwamnati ta huta da kuɗin harsashi. Wannan tafarki na yafiya daɗaɗɗe ne a yankin. A garin Ƙanƙara ne aka yi bikin ajiye makamai a farkon 2017. A Satumban 2019 Gwamna Masari ya taka har Ɗankolo a Sabuwa da Unguwar Tsamiya a Faskari domin sulhu, duniya kuma ta ga hotonsa tsaye kafaɗa da kafaɗa da mai rataye da bindiga. A Yunin 2020 ya ce sun ci amana. Sau biyu ana sulhu, sau biyu ana warwarewa, kuma a kowane karo manya na fitowa lafiya. Na ƙauye ne kawai ke cika alkawarin da jininsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, haka tsarin yake tun kaka da kakanni, wa zai ce a sauya al'ada?

Yanzu mu zo ga rabon laifi, fannin da ya kamata a buɗe wa tsangaya a jami'a. Laifi a ƙasar nan kamar ruwan indararo yake: daga soro yake sauka, ba ya tsayawa sai ya sami mafi ƙasƙancin wuri a tsakar gida. Gwamna ya ce tsaro na tarayya ne, ba ya da ikon ba ko kurtu umarni. Tarayya ta ce gwamnoni ne ke lalata al'amari. A Yunin 2020 fadar shugaban ƙasa ta ce wasu masu sarautar gargajiya a Katsina na taimakon ɓarayi. Daga hakimai aka gangara kan infoma, daga infoma aka gangara kan mai sayar da burodi da mai cajin waya da mai sayar da fetur a jarka. Manoman Zabarmari ma, bayan an yanka su, an bincika an gano ba su nemi izinin sojoji ba kafin su je girbin shinkafarsu. Sau ɗaya tak aka kusa yin ɓaranɓarama, lokacin da Gwamna Masari ya ce ba ya iya kallon idon jama'arsa saboda an gaza kare su. Alhamdu lillahi ya gyara wannan tuntuɓen harshe a Agustan 2021, inda ya shawarci talakawa su nemi makamai su kare kansu. Da wannan fatawa laifi ya isa gidansa na gaskiya: duk wanda aka kashe daga ranar, shi ya ƙi sayen bindiga.

Kada kuma a manta da 'yan adawa, ma'abota tausayi na lokaci-lokaci, masu zuciyar da ke narkewa da zarar sun bar mulki. Waɗanda a 2014 suka ce kukan Chibok makircin siyasa ne, su ne a Disamban 2020 suka fito da kwalaye a Abuja suna neman a dawo da yaranmu. Waɗanda a 2014 suka ce satar ɗalibai gazawar shugaba ce, Alhaji Lai Mohammed na kakakinsu a lokacin, su ne a 2020 suka roƙi jama'a kada a siyasantar da harkar tsaro. An yi musayar kujeru, an yi musayar takardun jawabi, babu wanda ya yi asarar ko kalma. Wannan shi ne zumuncin da ke riƙe da dimokuraɗiyyarmu.

Masu cewa ba a hukunta kowa ba kuwa, ƙarya suke yi wa hukuma. A ranar 26 ga Janairun 2021 manyan hafsoshin tsaro suka sauka, kuma ba a yi wata guda ba aka yanke musu hukuncin zama jakadu: Janar Tukur Buratai aka tura shi Jamhuriyar Benin, Janar Gabriel Olonisakin aka tura shi Kamaru, can nesa da 'yan'uwa, cikin kaɗaicin gidajen jakadanci. Gwamnan da ya yi wa Daudawa afuwa an ɗora masa nauyin Ƙaramin Ministan Tsaro a 2023. Gwamnan da aka kwashe ɗalibai 344 a zamaninsa an danƙa masa shugabancin hukumar amintattun asusun TETFund mai kula da manyan makarantu a 2024. Duk wanda ya ga irin wannan horo mai tsanani, ai ba zai sake yin wasa da amanar 'ya'yan talakawa ba.

Amma babbar nasarar ita ce gano ainihin mai laifi, wato mai ba da labari. Hikimar manya ta gano cewa hari ba ya zama hari sai an ji shi. A Yunin 2020, bayan kisan gillar Kadisau a Faskari, matasa suka yi zanga-zangar lumana a Katsina. Cikin gaggawar da ta burge kowa 'yan sanda suka tafi da jagoransu, Nastura Ashir Sharif, har Abuja suka tsare. A Yulin 2021 hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ta rubuta musu wasiƙar nasiha cewa su daina zayyana bayanan hare-hare da na waɗanda abin ya shafa. A ƙarshen Agusta aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. A Satumba kuma aka kawo gagarabadan magani: aka ɗauke sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sai bayan watanni aka mayar da shi. Zo ka ga zaman lafiya! Wata uku babu mai buga waya ya ce ga su nan sun shigo, babu mai kiran gidan rediyo yana kuka, babu hoton gawa a Facebook. Wanda aka kashe wa ɗa sai ya yi tafiya zuwa wani gari kafin ya sanar da dangi, kafin nan zuciyarsa ta yi sanyi, ya karɓi ƙaddara. Ba a taɓa samun ƙarancin mummunan labari daga Pauwa kamar a wannan zamani mai albarka ba.

Adalcin hukuma ya fi bayyana a kan ma'auni guda. Bayan harin Kadisau, rundunar 'yan sandan Katsina ta sa ladar naira miliyan 5 ga duk wanda ya taimaka aka kama ɗan bindigar nan Ado Aleru. Neman ya yi tsanani har ta kai a Yulin 2022 aka naɗa shi Sarkin Fulani a fadar 'Yandoton Daji da rana tsaka, gaban taron jama'a, ba tare da ya haɗu da masu nemansa ba. A watan ne BBC ta fitar da shirin da wani matashi ɗan Zamfara, Yusuf Anka, ya shiga daji ya yi hira da shi da ire-irensa. Nan take Minista Lai Mohammed ya yi alkawarin hukunci, kuma ranar 3 ga Agusta NBC ta ci tarar DStv da TStv da StarTimes naira miliyan 5 kowannensu saboda nuna shirin, ta kuma ci Trust TV miliyan 5 saboda nata shirin kan 'yan bindiga. Ka ga mizani wanda ba ya tauye kowa: kan wanda ake zargi da kashe mutane miliyan 5, kan wanda ya nuna fuskarsa miliyan 5. Bambancin kawai shi ne an san adireshin gidajen talabijin. A Mayun 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce NBC ba ta da ikon cin tara, abin da ke nuna cewa har yanzu akwai alƙalan da ba su fahimci sirrin tsaron ƙasa ba.

Zalunci ne a rufe wannan yabo ba a jinjina wa 'yan jarida ba, in ban da 'yan tsirarun masu taurin kai da ke zuwa ƙauye suna ƙirga gawa da kansu, waɗanda tsuntsun da ya ja ruwa ne, shi ruwa kan doka. Jinjinar ta mafi rinjaye ce: ladabtattun fada, masu kunnen jin sanarwa, amintattun da ba sa ƙara wa takardar gwamnati ko wasali. An ce musu 10, suka buga 10. An ce 333, suka buga 333. An ce ba a biya ba, suka buga da manyan baƙaƙe. An ce an ceto, an ce an sako, suka buga duka biyun a shafi guda ba tare da sun ɓata wa kowa rai da tambayar wanne ne gaskiya ba. Sun san cewa bin diddigi rashin tarbiyya ne, kuma wanda ya karɓi na goro a ƙofar gidan gwamnati bai kamata ya yi magana da cikakken baki ba. Wa ya ba da lambar 10? Jami'ai nawa ke gadin makarantar a daren? Wa ya ga ayarin babura bai yi magana ba? Me aka ba Daudawa? Yaran nan nawa suka koma aji, nawa suka bar karatu har abada? Waɗannan tambayoyi ne na marasa kunya, kuma jaridunmu masu kunya sun bar kaza cikin gashinta. Da aka yi wa yaran wanka aka sa musu sababbin kaya aka ɗauki hoto da shugaban ƙasa a Katsina ranar 18 ga wata, labari ya ƙare, aka naɗe igiyar kyamara. A gaishe kuma da sojojin baka na gidajen rediyo da 'yan data na soshiyal midiya, dakarun da ba su taɓa ja da baya a fagen kare uban gida ba, masu iya tabbatar wa wanda ya binne ƙaninsa da safe cewa tsaro ya inganta da yamma.

Abin farin ciki shi ne magada sun riƙe amana. A Fabrairun 2023, da aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a dajin 'Yargoje, 'yan sanda sun ce 41, mutanen yankin suka ce sun binne fiye da haka. A Agustan 2025, da aka buɗe wa masallata wuta a sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi, sanarwar farko ta ce 13, ɗan majalisar yankin ya shaida wa majalisar dokoki cewa 50 ne. A shekarar ce kuma aka ga Ado Aleru, mai ladar miliyan 5 a kansa, zaune a taron sulhu cikin jihar da ke nemansa ruwa a jallo, yana yi wa jama'a bayanin sharuɗɗan zaman lafiya. Gwamnati kuma ta bayyana cewa ita ba ta sulhu da ɓarayi, al'umma ce ke yi. Wannan ci gaba ne babba, domin a da sai sulhu ya lalace ake neman wanda za a ɗora wa; yanzu tun kafin a zauna an riga an san mai laifin.

Saboda haka, ya ku mutanen Pauwa da Zango da 'Yargoje, ya ku na Kadisau da Sheme da Ɗankolo, ku gyara halinku. In an kawo muku hari, ku jira sanarwa kafin ku san ko an kawo. In kun binne mutum 50 aka ce 13 ne, ku koma maƙabarta ku sake ƙirgawa, domin mai baƙin ciki ba ya rasa kuskure. In ɗan jarida ya zo da tambaya, ku tuna masa yana da iyali. In lokacin zaɓe ya zo, ku fito da asuba ku yi layi, ko daga sansanin gudun hijira ne, domin a ranar ba a taɓa rage yawanku ba.

Mu kuma da ba mu da abin da za mu biya waɗannan gwanaye, sai mu kai ƙara inda ba a tauye lada. Ya Allah, ga shugabanninmu na jiya da na yau, ga kakakinsu, ga masu cin tara, ga masu buga abin da aka ba su. Ka san abin da suka yi wa yaran Ƙanƙara da iyayensu, adadin kuma yana wurinka babu ragi babu ƙari. Ka kula da su yadda suka kula da mu, ka gaggauta musu yadda suka gaggauta mana, ka saka wa kowannensu da kwatankwacin aikinsa, mudu da mudu. Amin summa amin.